Inda Aka Wanke Auta

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, a ita ce ruwan sama ya ɗauke mana tun gero bai gama fitar da kai ba. Mu mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Tsanyawa gonakinmu a manne suke da juna, ba mu da daji, ba mu da fadama, in sama ta hana to shi ke nan ta hana. Abin da muka girbe a gidanmu jaki ɗaya ne ya kwaso shi, bai ko yi nishi ba. Kafin ɗari ya shigo sosai rijiyar gari ta ja baya, sai an ƙulla igiya a kan igiya, gugan ma ya fito rabinsa laka.

Aka ce maza su shiga su yashe ta. Mai gidana, Muntaka, yana cikin waɗanda suka shiga, don shi siriri ne, rami ba ya matse shi. Gefen rijiyar ya rufto masa. Da hantsi ya fita da ƙafarsa, kafin azahar aka kawo mini shi a kan ƙyauren kara. Laka ta shafe shi har cikin kunne, in ba don tabon da ke ƙaurinsa ba da sai in ce ba shi ba ne.

Mu uku ya bari a gidan: ni Hure, da 'yarmu Zulai da ban daɗe da yaye ta ba, da uwarsa, Inna, wadda ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Yayansa Ja'afaru ya tafi cin rani kudu tun kaka, ba aike ba labari.

A lokacin mai unguwa ya riga ya ɗora Malam Nababa a bakin rijiya, kowane gida tulu ɗaya a rana, ko kai wane ne. Amma akwai ruwan da ba a aunawa a garinmu, shi ne ruwan wankan gawa. In an yi mutuwa Nababa yakan koma gefe ya harɗe hannu, masu layi su ba da hanya, a ɗebi duk abin da mamaci yake bukata. Ranar kuwa an ɗeba, don lakar nan ba ta fita da wasa ba. A bayan ɗakina suka wanke shi, a lungun da ke tsakanin bango da danga. Sun haƙa ɗan rami don ruwan ya taru kamar yadda ake yi, ramin ya cika ya batse, ruwan ya malale lungun gaba ɗaya.

Ban yi kuka ba. Mata suna ta sa mini albarka wai ina da dauriya. Wace dauriya? Ni dai ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka mintsine ta ba ka ji komai. Aka ce in shiga takaba na shiga, aka ce in ci na ci, aka ce in kwanta na kwanta.

Bayan an share makoki da ɗan kwanaki na zaga bayan ɗakin neman tsintsiya. Sai na ga kore. Duk garin nan ya bushe ƙayau, akuya ma ta rasa abin tsinka, amma lungun da aka wanke shi ya yi tsiro. Alayyafo ne da 'ya'yan tumatir, don a nan nakan watsar da ruwan wanke-wanke tun shekarun baya, irin yana kwance a ƙasa yana jira. Na tsaya ina kallo. Ban ce Allahu akbar ba, ban ce inna lillahi ba. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne kaji za su gani.

Zulai a lokacin gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta sun kumbura, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya zauna haka. Kukan ma ta daina, sai ido. Abincinmu tsaki ne cikin tafin hannu, a dama shi da ruwa ya yi tsululu, safe da yamma. Na sha ganin yara masu irin wannan ƙafar, na kuma san inda suke ƙarewa. Saboda haka na ɗauko fartanyar Muntaka na koma lungun.

Na ja fangali huɗu, ƙanana, kowanne bai fi tabarmar salla ba. Na rarraba tsiron, na kwance ƙullin irin rama da yake soke a jinka na zuba, na binne wasu 'yan albasa da suka tsira a cikin kwando. Na toshe ƙofofin danga da ƙaya. Na tsince kashin awaki a hanyar rijiya, don liman ya ce in fita in ɗebi ruwana tunda ba namiji a gidan, in dai na rufe jikina na kama bakina.

Shuka a cikin ɗari sai mai naci. Albasa da tumatir suna son sanyi, su ba ruwansu. Alayyafo kuwa ragon banza ne, sanyi kaɗan sai ya ƙanƙame ya ƙi motsi. Da yamma in jera masa karan dawa in lulluɓe shi, da hantsi in yaye don ya sha rana. Ruwan da ya kwana ba na zuba masa da sassafe, sai na ajiye shi a rana ya saki. In na ga tsutsa in barbaɗa toka. Hannuwana suka tsattsage, diddigena ya yi faso har yana jini, ni dai sai in gani a ƙasa in ce au, ashe nawa ne.

Ruwa fa? Tulun nan ɗaya shi ne sha, shi ne girki, shi ne komai. Na koma alwala a cikin ƙwarya in kai wa albasa. Zulai a tsakiyar fangali nake tsayar da ita in yi mata wanka. Ruwan da na wanke tukunya da shi, in ya tsaya, na saman na tumatir ne. Ko kurkure baki zan yi sai na taka har lungun.

Ranar da na fara tsinkar ganye na yanka shi cikin faten tsaki. Wallahi tukunyar da ta saba tsayawa a gindi sai ga ta ta kusa rabi. Na zuba wa Inna nata a akushi na kai mata bakin ƙofarta, inda take zama tana jin rana. Ta buɗe, ta duba, ta ɗago ta dube ni.

"Ke Hure, wannan ganyen daga ina?"

"Daga bayan ɗaki, Inna."

"Inda aka wanke Auta."

"Nan ne."

Ta mai da faifan ta rufe akushin a hankali, ta turo mini shi da bayan hannu. "Ɗauke. Ni na haife shi. Ba zan ci abin da ya sha ruwansa ba."

"Inna, ruwan nan ai ya daɗe da bushewa. Wanda nake zubawa yanzu na alwalata ne."

"Na tambaye ki? Ki ba 'yarki, ban hana ki ba. Ni ki dama mini nawa fari, yadda na saba."

Inna mace ce mai baki, tun ina amarya ba ta taɓa ganin na yi abu daidai ba, daka ko tankaɗe ko goyo. Na ɗauka faɗan da ta saba ne, gobe za ta sauko. Ba ta sauko ba. Kullum sai in raba tsakin biyu, nata ruwa-ruwa ba ganye, namu da ganye. Lungun kuwa ko kallonsa ba ta yi, in za ta zaga bayan gida sai ta bi ta ɗaya gefen, ko da ya fi nisa.

Magana ta fita gari, dama ina za ta tsaya? A layin rijiya sai in ji ana ƙus-ƙus, wai Hure tana ciyar da 'yarta da ruwan gawa, wai zuciyarta ta dutse ce. Wata ma ta janye tulunta kada ya taɓa nawa. Oho dai. Iya Mairo, tsohuwar da take wanke mata in sun rasu, ita ce ta je ta tambayi Malam Uwaisu liman, ta dawo ta same ni ina barbaɗa toka.

Ta ce, "Malam ya ce ba haramun ba ne. Ya ce jikin musulmi ba ƙazanta ba ne, da rai ko ba rai. Sai dai ya ce zuciya ce ba kowacce take ɗauka ba, kada a tilasta wa kowa."

Na ce to. Ta tsaya tana kallon fangalin, ta haɗiye yawu ina ji. Na tsinko mata lawashi da ganyen rama na miƙa mata. Ta kai hannu, ta fasa, ta goge hannun a zaninta ta ce Allah ya amfana, ta fita.

Zulai dai ƙafa ta fara saɓewa. Wata rana na same ta ta kama bango ta miƙe, tana bin kaza da ido tana ƙoƙarin binta. Na san ya kamata in ji daɗi. Na tsaya ina jiran daɗin ya zo, bai zo ba, sai na koma na ci gaba da abin da nake yi.

Ana tsakiyar ɗari rijiya ta sake ja. Mai unguwa ya ce a koma rabin tulu. Na bari sai da layi ya watse na matsa kusa da Nababa.

"Malam Nababa, a taimaka a cika mini. Shukata za ta mutu."

Bai iya kallona ba. Ya ce, "Hure, na san rijiyar nan ita ta ci mijinki, kullum in na gan ki sai na tuna. Amma in na ƙara miki, wa zan rage wa? Faɗa mini sunan gidan, in je in gaya musu."

Na ɗauki rabin tuluna na taho.

Daga nan na koma taimama, wanka kuwa muka manta da shi. Duk da haka bai isa ba. Ƙasar ta fara tsagewa, ramar ta sunkuyar da kai, tumatir ɗin da ya fara fure ya zubar da furen. In na zuba moɗa ɗaya sai in ji ƙasar ta yi tsuu ta shanye, kamar ban zuba ba. Na san in lambun nan ya mutu, ƙafar Zulai za ta koma yadda take, kuma damina tana da nisa. Haka nake lissafa abin a raina, ba tsoro ba tashin hankali, kamar labarin 'yar wani ake ba ni.

A cikin wannan hali Inna ta kwanta. Tari ne ya fara, ya sauka haƙarƙari. Dama me ya rage a jikin? In na ɗaga ta ba ta fi damin kara nauyi ba. Na dafa mata saiwoyin da Iya Mairo ta kawo, ta kurɓa ta tofar ta ce ko magani ban iya dafawa ba. Na sake gwada sa mata ganye a kunu, na niƙe shi lukwi don kada ta gani. Ta sansana kawai ta kau da kai ta ce, "Ba ki da kunya."

Wata safiya da rana ta ɗaga ta ce in fitar da ita ta ji ɗumi. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta. Ta ce ba nan ba.

"Kai ni bayan ɗakinki."

Na goya ta kamar yarinya na kai ta, na jingina ta da bango. Tunda aka wanke ɗanta ba ta taka wurin ba sai ranar. Ta daɗe tana kallon ƙasar. Na zaci kuka za ta yi. Can sai ta ja tsaki.

"Wannan ne lambun da aka cika mu da labarinsa? Dubi fangali a karkace kamar bakin mai shanyewar jiki. Wa ya koya miki? In aka sako ruwa daga can sama, a na farko zai tsaya, sauran su mutu da ƙishi."

"Inna, wane ruwa za a sako? Da moɗa nake bi."

"Ɗauko fartanya, ki bar mini musu."

Na ɗauko. Tana tari tana nuna mini da kara. In sare nan, in tara ƙasa can, in ja hanyar ruwa daga tudun da ke jikin bango ta bi gefen fangalin duka, kowanne in yi masa baki in toshe da ƙasa, yadda in an buɗe ɗaya ya sha sai a rufe a buɗe na gaba. Ashe gidan ubanta masu lambu ne a bakin wani rafi, ban taɓa sani ba. In na kauce ta ce, "Kai, wannan yarinya! Ido ne da ke ko ado?" Sai da na yi gumi a cikin sanyin nan kafin ta ce ya yi dama-dama.

Sannan ta buga karan a kan tudun, daidai inda hanyar ruwan ta faro.

"A nan za a wanke ni. Kin ji? Kada ki bari su haƙa rami. In sun ce me ya sa, ki ce wasiyyata ce, wanda ya isa ya karya."

"Haba Inna, ki daina irin wannan magana. Za ki tashi."

"Rufe mini baki, ba na son ƙarya da rana tsaka. Nababa ba ya auna wa gawa ruwa. Ki ce musu na daɗe ban yi wanka ba, gaskiya ce ai, su wanke ni da kyau." Ta huta, numfashinta yana ƙara. "Ni dai ban ci ba, kuma ba zan ci ba. Amma 'yar Auta za ta ci."

Na ce to. Abin da na iya cewa ke nan. Na goya ta na mai da ita ɗaki.

Ba ta tafi da wuri ba. Ta yi kwanaki tana jan rai, lambun shi ma yana jan nasa. Kullum in ba ta ruwa a ludayi, in ba Zulai, ragowar in ɗiga a gindin albasa. Ban yi fatan ta mutu ba, ban kuma yi fatan ta tashi ba, don a lokacin ba ni da sauran wurin ajiye fata. In na shiga da safe sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ina nan dai. Ki yi haƙuri, komai nawa a hankali yake, kin sani." Wani lokaci ta tambaye ni, "Ramar tana nan?" In ce tana nan da kyar. Ta ce, "To mu biyu ke nan."

Ranar wata Laraba da hantsi na shiga da kunu na tarar ta cika. Na rufe mata ido, na ja mata zani, na ajiye kunun inda kaza ba za ta kai ba, na leƙa ta danga na gaya wa maƙwabta.

Nababa ya koma gefe ya harɗe hannu, aka yi ta shigo da tuluna ana jerawa a tsakar gida. Mata suka hura wuta suka ɗora tukwane. Iya Mairo ta zo da ganyen magarya da mata biyu masu taimaka mata, ta ce a samo wanda zai haƙa rami. Na ce mata ba rami, na nuna mata tudun, na faɗa mata abin da Inna ta ce, kalma da kalma.

Ɗaya daga cikin matan ta kama haɓa. "A saki ruwan gawa cikin abinci da gangan? Na farko dai a ce tsautsayi ne. Wannan fa? Tabɗi!"

Iya Mairo ta dubi hanyar ruwan tun daga tudun har ƙarshenta, ta dubi ramar da ta kwanta, ta dubi Zulai da ke riƙe da gefen zanina. Ta ce, "Wasiyya ce. Ku ɗauko ta."

Suka kafa zana suka kare tudun. Su suna ciki da Inna, ni ina waje da fartanya. Na ji Iya Mairo ta yi bisimilla, na ji ruwa ya zuba. Jim kaɗan ya ɓullo ta ƙarƙashin zanar, da kumfar magarya a kansa, ya kama hanyar da ta sa na ja, bai kauce ko kaɗan ba. Na buɗe bakin fangalin farko. Ƙasar ta sha, ta sha, sannan ruwan ya tsaya a kai. Na toshe na buɗe na biyu. A tsakar gida mata suna salati, wasu suna kuka, ni idona yana kan ruwa, ina tura shi da fartanya kada ya tsaya a hanya. Na uku ya sha rabi sai zubar ta tsaya. Na ji suna matse tsumma, sun gama.

Sai muryar Iya Mairo ta fito ta cikin zanar, ƙasa-ƙasa, yadda na tsakar gida ba za su ji ba.

"Hure, ya kai?"

Na ce, "Saura na ramar."

Sannan na ji ta ce wa matar nan da ta kama haɓa, "Miƙo wancan tulun. Tsohuwar nan ba ta fita tas ba tukuna." Ba ta yi musu ba, na ji ta ɗauko.

Ruwan ya sake tahowa, ya cika na uku, ya gangaro inda nake tsaye a bakin na ƙarshe. Na sa fartanya na buɗe masa. Sun ɗumama mata shi saboda sanyi, da sauran ɗuminsa ya bi ta kan yatsun ƙafata ya shige gindin ramar.